Kuɗin Da Ba A Gani, Ba A Taɓawa: Me Ke Ɗaga Kirifto, Me Ke Kayar Da Shi?

A ƙarshen watan Fabrairu na shekarar 2024 ne Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Mista Olayemi Cardoso, ya shaida wa manema labarai a Abuja cewa a cikin shekara guda kawai, kuɗi har dala miliyan dubu 26 sun ratsa ta hannun kamfanin nan na Binance a ƙasar nan, ba tare da hukuma ta iya tantance inda suka fito ba. A cikin makon ne kuma jami'an tsaro suka tsare manyan ma'aikatan kamfanin guda biyu waɗanda suka zo tattaunawa da Gwamnatin Tarayya. Ɗayansu, Nadeem Anjarwalla, ya sulale ya bar ƙasar a watan Maris. Ɗayan kuwa, wani Ba'amurke mai suna Tigran Gambaryan, sai da ya shafe wata takwas a tsare, galibi a gidan wakafi na Kuje, kafin a janye tuhumar da ake yi masa a watan Oktoba saboda rashin lafiya.

Zargin da Gwamnati ta yi shi ne cewa cinikin kuɗin kirifto da ake yi a dandalin kamfanin yana daga cikin abubuwan da ke karya darajar Naira. Ke nan abin da mutane da yawa suka ɗauka wasan yara ne a wayar hannu ya ƙasaita har ya tayar wa hukumomin ƙasa hankali. Ya kamata mai karatu ya san mene ne wannan kuɗi, da kuma abin da ke sa darajarsa ta tashi yau kamar farashin hatsi a tsakiyar damina, gobe kuma ta rikito.

Asalin Al'amarin

Ran 31 ga watan Oktoba 2008, makonni kaɗan bayan rushewar bankin Lehman Brothers na Amurka, wani mutum ko wasu mutane da suka ɓoye a bayan sunan Satoshi Nakamoto suka fitar da wata 'yar takarda mai shafi 9. A cikinta aka bayyana wata hanya ta biyan kuɗi tsakanin mutum da mutum ba tare da banki ya shiga tsakani ba. Ran 3 ga Janairu 2009 aka fara aiki da ita, aka kuma raɗa wa kuɗin suna Bitcoin.

Babu takarda, babu ƙarfe. Abin da ke akwai shi ne wani babban littafin lissafi wanda dubban kwamfutoci a duniya ke riƙe da shi, kowace da nata, iri ɗaya. In wani ya biya wani, sai a rubuta a ciki, kusan kowane minti 10 kuma a rufe shafi guda a ɗaure shi da na bayansa kamar sarƙa, yadda ba mai iya komawa ya kankare abin da aka rubuta. Masu kwamfutocin da ke wannan aiki ana biyansu lada da sabon Bitcoin, aikin nasu kuma shi ake kira haƙa, kamar yadda ake haƙar kuza a Jos. Bayan Bitcoin sai wasu suka biyo baya, babba daga cikinsu shi ne Ethereum wanda aka fara a 2015. Yau iri-irinsu sun wuce a ƙirga.

Abu na farko da masu goyon bayansa ke kafa hujja da shi shi ne ƙaranci. An ƙayyade tun farko cewa Bitcoin ba zai taɓa wuce guda miliyan 21 ba, kuma ya zuwa shekarar 2024 an riga an haƙo fiye da miliyan 19 da rabi. Har ila yau, kusan kowace shekara huɗu ana raba ladan masu haƙa biyu. Da farko 50 ne a kan kowane shafi, ya koma 25 a 2012, 12.5 a 2016, 6.25 a 2020, sa'an nan 3.125 a watan Afrilu 2024. Watau sabon kuɗin da ke shigowa kasuwa kowace rana ya ragu daga wajen 900 zuwa wajen 450.

Wannan hujja ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san tarihin ƙasar Hausa. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Wuri ba ya ciyuwa, ba ya sawuwa, amma ya yi ƙarni da ƙarni ana saye da sayarwa da shi a kasuwar Kurmi, domin daga tsibiran Maldibis masu nisa ake kawo shi, ba kowa ke iya samunsa ba, kuma jama'a sun yarda da shi. Sa'ad da 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgo wani irin wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar a tsakiyar ƙarni na 19, darajarsa ta dinga zubewa, har ta kai ga ladan ɗaukarsa zuwa wuri mai nisa ya kusa cinye kimarsa. Masu Bitcoin suna cewa nasu wurin ba mai iya jibgo shi haka.

To, amma fa ƙaranci kaɗai ba ya ba abu daraja. Sai an sami masu nema. In da ƙaranci ne kawai ke aiki, da farashi ya riƙa hawa sannu a hankali ba ja da baya. Ba haka abin yake ba. A watan Disamba 2017 Bitcoin guda ya kusa dala 20,000, bayan shekara guda ya koma wajen dala 3,200. A watan Nuwamba 2021 ya kai wajen dala 69,000, bayan shekara guda ya faɗo ƙasa da dala 16,000. Ruwa ba ya tsami banza.

Kuɗin Ruwa A Amurka

Duk wanda ya bi sawun kasuwar nan zai tarar cewa babu abin da ya fi juya ta kamar shawarar da Babban Bankin Amurka ke yankewa game da kuɗin ruwa. Abin mamaki ne kuwa, tun da an ƙirƙiro Bitcoin ne don a kuɓuta daga ikon irin waɗannan bankuna.

A watan Maris 2020, lokacin da annobar korona ta rufe duniya, Bitcoin ya rasa kusan rabin darajarsa cikin kwana biyu, ya faɗo ƙasa da dala 5,000, domin kowa na neman tsabar kuɗi a hannu. Sai Babban Bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwa har kusan babu, gwamnatin ƙasar kuma ta rarraba wa jama'a kuɗin tallafi. Mai dukiya ya duba ya ga ajiya a banki ba ta haifar masa da kome, bashi kuma ya yi araha, matasa suna zaune a gida ba wurin zuwa sai waya a hannu. Kuɗi suka kwarara zuwa duk inda ake jin ƙanshin riba. Cikin wata 20 Bitcoin ya ninka fiye da sau goma, jimlar darajar kasuwar kirifto kuma ta kai wajen dala miliyan sau miliyan 3.

Da tsadar kaya ta addabi Amurka, sai bankin ya juya akala. Daga watan Maris 2022 ya dinga ƙara kuɗin ruwa har ya wuce kashi 5 bisa ɗari a shekarar 2023. Daga nan mai dukiya yana iya ba gwamnatin Amurka rance ya kwanta ya yi barci, ribarsa tabbatacciya. Me zai kai shi ga abin da ke iya zubewa cikin dare? Kuɗin suka fara janyewa kamar yadda suka shigo. Wannan ya raunana da'awar masu cewa Bitcoin zinariyar zamani ce, mafakar dukiya a lokacin tsadar kaya, domin a shekarar da tsada ta fi tsanani a Amurka cikin shekara 40, a ita ce ya rasa fiye da kashi 60 bisa ɗari na darajarsa.

Bayan kuɗin ruwa sai bakin manya. A watan Fabrairu 2021 kamfanin motoci na Tesla ya ba da sanarwar ya sayi Bitcoin na dala miliyan 1,500, farashi ya yi tsalle. A watan Mayu shugaban kamfanin, Elon Musk, ya ce sun daina karɓarsa wajen sayar da mota saboda yawan wutar lantarkin da haƙarsa ke ci, farashi ya rikito. Shi dai wannan attajiri ne ya dinga kururuta Dogecoin, wani kuɗi da aka ƙirƙira don raha a 2013, har ya kai wajen kwabon Amurka 70. A cikin shekarar ce kuma ƙasar Sin ta kori masu haƙa, sa'an nan a watan Satumba ta haramta cinikin gaba ɗaya. A wannan watan ne ita kuwa El Salbado ta mai da Bitcoin halattaccen kuɗin ƙasa, ko da yake a farkon 2025 ta sassauta dokar don ta sami rance daga Asusun Ba Da Lamuni Na Duniya. Jamhuriyar Afirka Ta Tsakiya ta gwada haka a 2022, ba ta yi shekara guda cur ba ta janye.

Bashi Da Cin Amana

Akwai wata ɗabi'a ta wannan kasuwa da ba a cika bayyana wa sabon shiga ba, ita ce kuwa ke sa faɗuwarta ta fi hawanta sauri. Dandalin ciniki da yawa suna ba mutum damar yin ciniki da ninkin abin da ya mallaka. Misali, mai N100,000 sai a ranta masa har ya yi ciniki kamar mai N1,000,000. In farashi ya hau da kashi 10 bisa ɗari, ya ninka jarinsa. In ya sauka da kashi 10 bisa ɗari, jarin ya tafi duka, kuma na'urar dandalin ba ta jiran a ba ta haƙuri, nan take za ta sayar da kayansa ta karɓe bashinta. Wannan sayarwa ta dole ita ke ƙara danne farashi, sai ta taɓa na gaba, shi ma a sayar da nasa, haka har abin ya zama gobarar daji.

A kasuwar hannun jari ta Ikko akwai lokacin buɗewa da na tashi, akwai kuma ƙa'idar cewa hannun jari ba zai hau ko ya sauka fiye da kashi 10 bisa ɗari a rana guda ba. Kasuwar kirifto ba ta da ƙofa balle a rufe, tana ci dare da rana, ran Juma'a da ran Lahadi. Ran 10 ga Oktoba 2025, kwanaki kaɗan bayan Bitcoin ya haura dala 126,000, Shugaba Donald Trump ya yi barazanar ƙara wa kayan ƙasar Sin haraji mai tsanani. Cikin kwana guda aka share cinikin bashi na wajen dala miliyan dubu 19. Da yawa sun kwanta da dukiya sun wayi gari ba ko anini.

Sai kuma cin amana, wanda shi ne ya fi yi wa kasuwar illa. An ce Bitcoin ba ya bukatar amintacce a tsakani, amma akasarin jama'a ba sa riƙe mabuɗin sirrinsu da kansu, a hannun kamfanoni suke ajiya, kamfanonin kuwa mutane ne. A watan Fabrairu 2014 kamfanin Mt. Gox na birnin Tokyo, wanda a lokacin shi ne mafi girma, ya rufe ƙofa bayan ɓatan Bitcoin wajen 850,000. A watan Mayu 2022 kuɗin Terra, wanda Do Kwon na Koriya Ta Kudu ya ce an tsara shi yadda ba zai taɓa sauka ƙasa da dala guda ba, kuma ana biyan masu ajiyarsa kusan kashi 20 bisa ɗari a shekara, ya narke cikin mako guda da dukiyar da ta kai wajen dala miliyan dubu 40. Kamfanonin da suka ranta ko suka zuba kuɗi a cikinsa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Ba a gama jimamin wannan ba sai ga na FTX. A farkon 2022 an yi wa wannan kamfani kimar dala miliyan dubu 32, mai shi kuma, Sam Bankman-Fried, saurayi ɗan shekara 30, yana zama da 'yan majalisar Amurka yana ba su shawara kan yadda za a tsara doka. Ashe kuɗin masu ajiya yake kwasa yana miƙa wa wani kamfaninsa mai suna Alameda. Da jama'a suka ji ƙishin-ƙishin suka ruga cire kuɗinsu a watan Nuwamba, sai aka tarar da giɓin wajen dala miliyan dubu 8. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Maris 2024 kotu a New York ta ɗaure shi shekara 25.

Mutane da yawa sun ɗauka daga nan an yi jana'izar kirifto. Ba a yi ba. A watan Janairu 2024 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta amince wa manyan kamfanonin juya dukiya, irin su BlackRock da Fidelity, su buɗe asusun Bitcoin wanda ake sayen hannayensa a kasuwar hannun jari kamar na kowane kamfani. Wannan ya buɗe ƙofa ga masu manyan kuɗi waɗanda a da suke ɗari-ɗari. Bayan zaɓen Mista Trump, wanda ya yi alkawarin rungumar harkar, Bitcoin ya haura dala 100,000 karo na farko a watan Disamba 2024. Sai dai shigowar manya ta zo da nata sakamakon. Kamfani guda, na Michael Saylor, ya tara fiye da Bitcoin 600,000 ya zuwa tsakiyar 2025. Kuɗin da aka ce na kowa da kowa ne, babban rabonsa ya taru a hannu kaɗan, motsin waɗannan kaɗan kuwa shi ke girgiza sauran.

A Nan Gida

Abin da ke kai Ba'amurke kasuwar kirifto ba shi ne ke kai yawancin 'yan Nijeriya ba. Kamfanin bincike na Chainalysis ya sa Nijeriya ta biyu a duniya wajen rungumar kirifto a 2023 da 2024, bayan Indiya, ya kuma ƙiyasta cewa wajen dala miliyan dubu 59 sun shigo ta wannan hanya daga Yuli 2023 zuwa Yuni 2024. Dalili a bayyane yake. Kafin watan Yuni 2023 dala guda a farashin hukuma wajen N460 ce. Da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta wuce N1,500, hauhawar farashin kaya kuma ta kai kashi 34.8 bisa ɗari a watan Disamba na shekarar. Wanda ya ajiye N1,000,000 a banki ya zuba ido yana kallon kuɗinsa na narkewa kamar ƙanƙara a rana.

Saboda haka abin da mutane da yawa ke nema ba Bitcoin mai hawa da sauka ba ne, wani ne da ake kira USDT, wanda kamfanin Tether ke fitarwa, aka kuma ɗaure darajarsa da dala guda. A taƙaice dala ce a cikin waya. Ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga Sin ko Dubai, wanda ya gaji da jiran dala daga banki, da shi yake biyan abokin cinikinsa. 'Yan Nijeriya mazauna ƙasashen waje, waɗanda ke aiko da kusan dala miliyan dubu 20 a shekara, wasunsu sun koma gare shi don gudun ladan aike, wanda zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara kan kusa kashi 8 bisa ɗari. Har ta kai 'yan canji a Wapa ta Kano da Zone 4 ta Abuja suna leƙa farashin dandalin Binance kafin su yanke nasu. Wannan ne ya harzuƙa hukuma.

Ita kuwa hukuma ta yi ta kai da komo. Ran 5 ga Fabrairu 2021 Babban Banki, a zamanin Mista Godwin Emefiele, ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kirifto, ya kuma umarci a rufe asusunsu. Cinikin bai mutu ba, sai ya koma hannu da hannu, mai saye ya tura Naira kai tsaye ga mai sayarwa, banki bai san abin da aka saya ba. A watan Oktoba na shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira, amma jama'a ba su karɓe ta ba, domin Naira ce dai, abin da ake gudu. A watan Mayu 2023 aka sa harajin kashi 10 bisa ɗari a kan ribar kirifto, alhali kuwa hanin bankuna na nan daram, ba a ɗage shi ba sai a watan Disamba. Binance ya daina hulɗa da Naira a watan Maris 2024. Naira ta ɗan farfaɗo na 'yan makonni, amma kafin ƙarshen shekara ta sake wuce N1,500, abin da ya nuna cewa ciwon ya fi ƙarfin dandali guda.

Gefe guda kuma akwai masu neman arzikin dare ɗaya. A shekarar 2024 da wuya a shiga majalisar matasa a Kano ko Kaduna ko Gusau ba a ga ana ta dangwalar fuskar waya ba. Wasan Notcoin na manhajar Telegram ya ba wasu 'yan kuɗi a watan Mayu, sai kowa ya ɗunguma kan Hamster Kombat, maza da mata, har da masu aure da 'ya'ya. Ran 26 ga Satumba da aka raba abin da aka yi alkawari, akasarinsu abin da suka samu bai biya kuɗin data da cajin waya ba. Waɗannan dai lokacinsu suka ɓata. Waɗanda suka shiga CBEX, wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, dukiyarsu suka rasa sa'ad da ya rufe a watan Afrilu 2025, har fusatattu suka fasa ofishinsa a Ibadan, hukumar EFCC kuma ta shiga bincike. CBEX ba kasuwar kirifto ba ce, tsohuwar damfarar MMM ce ta 2016 ta sake riga, ana biyan na farko da kuɗin na baya.

Ra'ayin malamai ma yana da tasiri a kan wanda zai shiga da wanda zai ƙaurace, kuma bai zo ɗaya ba. Tsohon Babban Muftin Masar, Shehu Shauƙi Allam, ya haramta cinikin Bitcoin saboda kamarsa da caca da rashin tabbas, Majalisar Malaman Indunusiya ta hana amfani da shi a matsayin kuɗi a 2021, amma kwamitin Shari'a na hukumar hannun jari ta Maleshiya ya halatta cinikinsa a dandali mai rajista a 2020.

A watan Maris 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar zuba jari, wadda ta sa kadarorin kirifto ƙarƙashin Hukumar Kula Da Hannun Jari ta Ƙasa, ta kuma tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu damfara irin ta MMM. Tun a watan Agusta 2024 hukumar ta ba kamfanonin gida biyu, Busha da Quidax, amincewar farko. Rajistar dandali tana nufin akwai wanda za a kama in ya gudu da kuɗin jama'a, amma ba ta hana farashi faɗuwa. Hukumar inshorar ajiya ta NDIC tana biyan mai ajiya har N5,000,000 in bankin kasuwanci ya rushe, kamar yadda aka ƙara adadin a 2024. Wannan kariya ba ta shafi ko kwabo na abin da mutum ya ajiye a kirifto ba.